Kafin Ka Sayi Takobi, Dubi Abin da Mariƙi Ya Ɓoye

Shekarun baya, ana saura kwana uku sallah, wani ƙanena ya shigo gida riƙe da takobi, bakinsa har kunne. Takobi ne na kallo. Ruwansa na ƙyalli kamar madubi, mariƙinsa launin zinariya, kubensa ya sha ado. Ya ce mai shagon ya rantse masa daga waje aka kawo shi, kuma ko rodi zai sare. Da la'asar sai ya zaga bayan gida ya kai wa wani reshen darbejiya sara, reshen da bai fi kaurin dantsen yaro ba. Saran farko lafiya lau. A na biyu muka ji ƙaras, ruwan takobin ya tashi sama ya wuce ta kan wata akuya ya je ya daki katanga, shi kuwa gogan yana tsaye da mariƙi kaɗai a hannu. Da muka duba, abin da ya haɗa ruwan da mariƙin wani siririn ƙarfe ne bai fi ƙusa kauri ba, an liƙa shi da ɗigon walda. Allah ne ya tsare, domin yara suna wasa a wajen.

Har yau ana sayen takobi a ƙasar Hausa. Mahayan sallah na saye, dogarai da 'yan farauta na saye, akwai masu shirya fim, akwai kuma wanda yake so kawai ya rataya a ɗaki domin kakansa ma ya rataya. Yawancinsu abu biyu suke nema a lokaci guda, araha da ƙwari. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wajen takobi maganar ta zo daidai ta wata fuska: takobi mai araha mai ƙwari yana samuwa, sai dai da wuya ka same shi da ado. Idan ka ga arha da ƙyalli sun haɗu a wuri guda, to an ci kuɗin ne daga inda ido ba ya kaiwa.

Farko dai ƙarfen kansa. Baƙin ƙarfe zalla laushi gare shi. Abin da ke ba shi tauri shi ne ɗan sinadarin kabon da ke cikinsa, wato dangin gawayi. Idan kabon ya yi kaɗan, takobi zai lanƙwashe ya zauna a lanƙwashe. Idan ya yi yawa, zai yi kaifi kamar aska amma ya riƙa tsagewa. Masu sayar da takubban waje sukan rubuta lambobi kamar 1045, 1060 da 1095, kuma lambobi biyun ƙarshe su ne ke faɗin yawan kabon: 1045 yana da kusan kashi 0.45 cikin ɗari, 1060 kashi 0.60, 1095 kuwa kashi 0.95. Mai saye yakan ɗauka babbar lamba ita ce mafi kyau. A wuƙar fawa ko ta wanzami, ƙila haka ne. A takobi mai tsawon kusan kamu biyu da zai riƙa shan duka, matsakaicin nan na 1060 ya fi jure wahala.

Wanda ya fi su duka a wurina shi ne ƙarfen sifirin mota. Turawa suna da irin da suke kira 5160, mai kabon kusan kashi 0.60 da ɗan kuromiyom ƙasa da kashi ɗaya, da kuma 9260 mai sinadarin silikon kusan kashi 2. Irin wannan ƙarfe an yi shi ne domin ya ɗauki nauyin mota, ya lanƙwasa sau dubbai a kan gargada ya dawo yadda yake. Maƙeranmu ba su jira wani littafi ya gaya musu haka ba. Tun da motoci suka yawaita suka daina wahalar fasa tama, suka koma 'yan gwangwan suna sayen tsohon sifirin mota, suna ƙera adda da gatari da wuƙa da takobi. Abin da wani Ba'amurke zai biya daloli ya yi oda, yana nan jibge a bakin maƙera. Illa ɗaya ce: tsohon sifiri yakan zo da 'yan tsage-tsagen gajiya da ido ba ya gani, shi ya sa gwanin maƙeri yake ƙwanƙwasa shi ya saurara kafin ya sa a wuta.

Ƙarfen da ya kamata ka guje wa shi ne marar tsatsa, irin na cokula da tukwanen zamani. Abin da ke hana shi tsatsa kuromiyom ne mai yawa, sama da kashi 10 cikin ɗari. A gajeriyar wuƙar girki ba laifi. Idan aka ja shi ya yi tsawon takobi kuma aka taurara shi, sai ya zama mai saurin karyewa, kuma ba ya gargaɗi. Na ƙanena irinsa ne. Kyan ɗan maciji.

Amma ko ka samu ƙarfe mafi kyau a duniya, aikin wuta ne ke raba gardama, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya daɗe. Bayan an gama ƙira, maƙeri zai mayar da ruwan takobin cikin wuta har ya yi jajir, zafin ya haura digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, sama kaɗan da inda maganaɗisu yake daina kama ƙarfe. Sai ya zaro shi ya tsoma a mai ko a ruwa nan take. Wannan tsomawa ita ke ba shi tauri, amma a wannan hali takobin kamar gilashi yake, idan ya faɗi a kan dutse yana iya rabewa biyu. Dole a sake gasa shi a hankali da zafi marar yawa, domin a rage masa taurin a ƙara masa juriya. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi, launi yake karantawa. Yana goge ƙarfen ya yi fari, ya kara shi kan garwashi yana kallo: da farko zai yi launin kara, ya koma ƙasa-ƙasa, ya bi ta shunayya ya kai shuɗi. Mai ƙera aska yana tsayawa a launin kara. Mai ƙera takobi yana bari ya doshi shuɗi, domin a nan ne ƙarfe yake samun halin sifiri.

Na taɓa zama a maƙerar wani dattijo ina kallon wannan aiki. Yaro na zuga, shi kuwa ya ja wani tsohon buhu ya tare hasken rana daga bakin rumfa, ya ce a cikin haske ba a gane jan ƙarfe. Na ce, "Baba, me ya sa kake tsomawa a baƙin mai, ga ruwa a randa?" Ya ce, "Ɗan nan, ruwa gaggawa gare shi. Sifiri idan ka ba shi ruwa sai ya tsage maka tun a hannu." Da ya gama, ya kafa tsinin a kan wani kututture, ya danna mariƙin har ruwan takobin ya yi baka, ya saki. Ya ɗaga shi saitin idonsa ya duba tsawonsa kamar mai duba gorar mashi, sannan ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. Takobin ya dawo sak.

Wannan gwajin ba sabon abu ba ne, kuma manyan dauloli ma sun sha kunya da suka yi sakaci da shi. A yaƙin Abu Kilea na ƙasar Sudan, cikin Janairun 1885, sojojin Ingila sun gwabza da mayaƙan Mahadi, kuma aka dawo da koken cewa wuƙaƙen bakin bindiga da takubban wasunsu sun lanƙwashe a tsakiyar fama. Maganar ta zama abin surutu a Landan har aka tsaurara gwajin makaman kafin a raba wa soja. Kai ma gwajin da za ka yi ke nan a kasuwa, da izinin mai kaya: a lanƙwasa shi kaɗan, a saki, a duba. Wanda ya zauna a karkace bai sha wuta yadda ya kamata ba. Wanda ya ƙi motsi sam, ko dai ya yi kauri fiye da kima ko ya yi taurin da zai karye. Mai kayan da ya ƙi yarda a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Masu sayarwa ta intanet sukan rubuta taurin da ma'aunin da ake kira Rokwel. Tsakanin 50 da 55 ya wadatar ga takobin da zai sha wahala. A lura kuma da takobin Japan, katana, wanda finafinai suka sa samari suke ganin ba kamarsa. Na gargajiya ana shafa wa bayansa yumɓu kafin a tsoma, sai bakinsa ya yi tauri ƙwarai bayansa ya zauna da laushi. Yana yanka kamar me, amma idan sara ya karkace yakan lanƙwashe ya zauna haka, bakin kuma ya ɓalle. Mai neman juriya ya nemi wanda aka taurara gaba ɗayansa. Yawancin takubba masu arahar da ke yawo a kasuwannin duniya daga garin Longquan na ƙasar Sin suke fitowa, wasu kuma daga Indiya, kuma a cikinsu akwai na kirki akwai na banza, sunan ƙasa ba ya raba su.

Sai mu dawo inda na ƙanena ya ci amana. Ruwan takobi ba a bakin mariƙi yake ƙarewa ba, yana da wutsiya da ke shigewa ciki. A takobin kirki wutsiyar nan jiki ɗaya ce da ruwan, a wuta guda aka ƙera su, tana da faɗi, ta ratsa mariƙin har ta ɓullo ƙarshe a daddake kanta ta riƙe komai. Inda ta haɗu da ruwan ma a ɗan kewaye yake, domin kusurwa mai kaifi nan ne tsagewa take farawa. Duk ƙarfin sara a wannan gaɓa yake taruwa. Tunda ba za ka iya kwance mariƙin a kasuwa ba, ka riƙe takobin ka bugi gefen ruwan da tafin hannu. Idan ka ji kwaram-kwaram, ko ka ji mariƙin yana juyawa, ajiye shi. Idan kuwa maƙeri za ka ba aiki, ka ce ya nuna maka wutsiyar kafin a kai wa baduku ya rufe ta da fata.

Kada tambari ya ruɗe ka. Tsofaffin takubban Hausawa da na Buzayen Agadas, da na Sudan da ake kira kaskara, da yawansu ruwansu daga Turai ya zo ta hamada, musamman daga garin Solingen na Jamus, ɗauke da alamomi irin su jinjirin wata biyu ko kyarkeci mai gudu. Da mutane suka gane alamar tana ƙara kuɗi, maƙeran gida ma suka riƙa buga ta. Wannan tun zamanin kakanni ke nan, balle yanzu da inji ke zana duk abin da aka ga dama.

Nauyi ma yana yaudara. Mutane sukan ɗaga takobi su ji ya cika hannu su ce wannan shi ne ƙarfe. Takubban yaƙi na hannu ɗaya, a Turai da nan, akasari kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Mai kyau yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa tsini, kuma layukan da ake rarakewa a tsakiyarsa rage nauyi suke yi, ba hanyar jini ba ce kamar yadda ake faɗa. Wanda kaurinsa ɗaya daga gindi har tsini, yankan falange ne aka wasa.

Gaskiyar da ba a so a ji ita ce, ba a yi takobi domin icce ko rodi ko bulo ba. Gajere, takobin sarautar Katsina da ake dangantawa da Sarki Korau, bai kai yau domin ana faskare da shi ba. Idan sassabe za ka yi, kuɗin takobi ɗaya zai saya maka adda da gatari har da canji. Kuma ƙarfen da na yaba yana tsatsa, damina ɗaya a cikin kuben fata mai danshi ta isa ta cinye fuskarsa. A goge shi bayan an taɓa, a shafa ɗan man keke, a riƙa zaro shi lokaci lokaci yana shan iska.

Ga samari kuma, a sani cewa yawo da makami a titi laifi ne, kuma jami'an tsaro ba sa tambayar ko na ado ne, musamman a ranakun hawa da 'yan daba suka ɓata wa kowa suna. Wanda zai hau da takobi ya bar shi ba kaifi, ya tabbatar kube ya kama shi gam kafin doki ya fara sukuwa cikin jama'a. In ka shirya saye, ka nemi maƙerin da manoman garinku suke komawa wurinsa sayen adda kowace shekara, ka ba shi lokaci ya yi aikinsa, kada ka je masa ana jajibirin sallah.