Gajiyar Da Barci Ba Ya Maganinta

Akwai wata irin gajiya wadda ba ta noma ba ce, ba kuma ta doguwar tafiya ba. Mutum ya kwana ya tashi kamar bai runtsa ba. Ya yi ɗan aiki yau, gobe ko jibi ya kasa sauka daga gado, kai ya yi nauyi, tunani ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Idan abin ya wuce wata 6, aka bincika ba a sami wata cuta ba, likitoci suna kiransa ciwon gajiya mai naci, ko ME a taƙaice. Ya fi kama mata, sau da yawa kuma yakan biyo bayan zazzaɓi. Tun 2020 an ga irinsa ga waɗansu da suka yi korona.

An daɗe ana gardama a kan tushensa. A 1955 ma'aikata kusan 300 na asibitin Royal Free a Landan suka kwanta da shi. A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, amma shekara ɗaya bayan haka waɗansu likitocin tunani biyu a Ingila suka ce firgita ce kawai ta yaɗu a asibitin. Wannan magana ta bi marasa lafiyar shekaru da yawa, ana ce musu abin a ransu yake.

To, ina gaskiyar batun zuciya? A 2016 masu bincike na King's College a Landan suka nuna wa masu ciwon da masu lafiya wani fim mai tayar da hankali. Masu ciwon ba su nuna damuwa sosai a fuska ba, amma na'urar da aka manna musu a fata ta nuna jikinsu ya fi tashi. Wato suna haɗiye abin da ke damunsu, jiki kuwa yana ɗaukar nauyin. Sai dai mu lura: wannan bai nuna cewa haɗiye baƙin ciki ne ya kawo ciwon ba. Wanda aka shekara ana ce masa rago ko mai ƙaryar ciwo, dole ya koyi rufe bakinsa.

A 2011 aka buga wani babban bincike mai suna PACE, a kan mutum 641, wanda ya ce tattaunawa da masanin tunani da kuma ƙara motsa jiki kaɗan-kaɗan suna taimakawa. Marasa lafiya da masana da yawa suka ƙi yarda da yadda aka auna sakamakon. A 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila, ta janye shawarar ƙara motsa jiki, gama tana iya ƙara ciwon. Game da tattaunawa kuwa ta ce ba ta warkarwa, amma tana taimakon mutum ya jimre. A ganinmu nan ne maganar ta tsaya daidai. Wanda ya rasa aikinsa da ƙarfinsa yana cikin makoki, yana bukatar mai saurarensa, amma kuka ba zai mayar masa da ƙarfin jiki ba.

Mu nan an rene mu da haƙuri da dauriya, har mukan yaba wa wanda bai taɓa cewa wayyo ba. Mukan kuma yi saurin cewa bangaskiyar mara lafiya ce ta yi rauni, ko yana ɓoye wani zunubi, kamar yadda abokan Ayuba suka yi masa. Wannan ƙarin kaya ne ga wanda ya riga ya gaji.

Kafin a ce wani yana da wannan ciwo, sai likita ya duba zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, tarin fuka, ciwon sukari da ƙanjamau, domin dukansu suna kawo gajiya, kuma suna da magani. Idan ME ne, abin da aka fi shawarta yanzu shi ne mutum ya san iyakar ƙarfinsa, ya raba aiki, ya huta tun kafin ya ƙare. Ɓacin rai da doguwar hira ma suna cin ƙarfi kamar surfe. Saboda haka idan Zumuntar Mata ko matasa za su je gaisuwa, mutum biyu sun isa, a zauna kaɗan, a bar shi ya faɗi abin da ke ransa ba tare da an katse shi ba, a kuma ɗebo masa ruwa kafin a tafi.