Sihirin da ke juya wa mai shi baya: yadda 'yan wasan tebur ke kafa dokar gida

A fadodin matasa na Tasawa da Mayahi a jihar Maradi, inda ake zama kan shayi ana buga karta da lido, sau da yawa kowace fada tana da 'yan dokokinta, kuma baƙo yakan tambaya kafin ya sa hannu. Irin wannan gardama ce ta daɗe tana cin masu buga Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, wanda 'yan ci-rani ke cin karo da shi a jami'o'in Turai da Amurka.

Wasan na baki ne da takarda da fensir. Mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ƙwayar lido mai fuskoki da yawa ce ke yanke abin da ya faru. Sihirin ciki kuwa na tatsuniya ne, kamar na Gizo da Ƙoƙi.

A 1991 littafin Tome of Magic ya shigo da matsafin da sihirinsa ke ƙwace masa. A littafin dokoki na 2014, idan irin wannan jarumi ya yi tsafi, mai jan labari na iya sa shi ya jefa ƙwaya mai fuska 20. In 1 ta fito, sai a koma wani jadawali mai sakamako 50. Jarumin na iya rikiɗa ya zama tukunyar fure, ko fatarsa ta koma shuɗiya, ko gemun fuka-fukai ya tsiro masa. Akwai kuma wanda ba abin dariya ba ne: dunƙulen wuta ya fashe a kansa. Ga sababbin jarumai, wannan kaɗai ya isa ya hallaka tawagar gaba ɗaya, labarin da aka yi makonni ana ginawa ya tafi a jifa guda.

Sai dai abin da ya fi damun 'yan wasa shi ne kalmar "na iya". Dokar ta bar komai a hannun mai jan labari. In ya manta, ko ba ya son hargitsi, an gama. Ko ya tuna, damar kashi 5 cikin 100 ce kawai.

Daga nan dokar gida da ta fi yaɗuwa ta samo asali. Duk jifar da ta wuce lafiya, sai a ƙara lamba ɗaya: yanzu 1, gaba 1 ko 2, har sihirin ya ƙwace, sannan a koma farko. Lissafin a fili yake. A tsafi biyar, dokar littafi na ba da kusan kashi 23 cikin 100, ta gida kuwa kusan 56. Wasu tebura kuma suna cire dunƙulen wutar har sai jarumai sun yi ƙarfi, matakin da ya fi kama da adalci, domin wanda ya zaɓi matsafin shi kaɗai ya yarda da kasadar, amma abokansa ne ke ƙonewa tare da shi.

Kamfanin Wizards of the Coast, mai wasan tun 1997, ya sake fasalin dokar a bugun 2024. Yanzu ɗan wasa ne ke jefa ƙwayar ba tare da jiran izinin mai jan labari ba, kuma lambar da ke tayar da hargitsin ta koma 20.