Sauya wa kyanwa mai ciwon sukari nau'in insulin: yadda ake daidaita adadin allurar

A watan Nuwamban 2009 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta gargaɗi likitocin dabbobi game da Vetsulin, insulin ɗin da ake yi wa karnuka da kyanwoyi masu ciwon sukari, saboda an gano cewa ƙarfinsa da tsawon aikinsa ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Maganin ya ɓace daga kasuwar ƙasar, bai dawo ba sai a 2013. Kafin nan ma an daina haɗa wani nau'in mai suna PZI-Vet, wanda akasarinsa daga jikin shanu ake samo shi. Cikin ɗan lokaci masu kyanwoyi da yawa suka tsinci kansu da sabuwar kwalba a hannu da tambaya guda: yunit nawa za a zuƙa yanzu?

Tambayar ba ta tsufa ba. A baya-bayan nan kamfanin Novo Nordisk ya daina sayar da Levemir a Amurka a 2024, kuma a ko'ina tsada, ko yankewar magani a kanti, ko gazawar nau'in farko wajen saukar da sukari kan tilasta sauyi. A Najeriya, inda insulin ɗin mutane ya fi na dabbobi saukin samu, mai kyanwa na iya fuskantar wannan sauyi fiye da sau ɗaya.

Ciwon sukarin kyanwa ya fi kama da nau'i na biyu da ake gani a jikin mutane. Ya fi kama waɗanda suka manyanta, masu ƙiba, marasa motsi, musamman muzurai da aka dandaƙe. Alamominsa sanannu ne: yawan shan ruwa, yawan fitsari, da ramewa duk da cewa dabbar na cin abinci sosai. Maganin da aka fi dogaro da shi allurar insulin ce a ƙarƙashin fata, sau biyu a rana, da tazarar awa 12.

Matsalar ita ce kalmar insulin suna ne na magunguna da dama da ba sa aiki iri ɗaya. Caninsulin, wanda shi ne Vetsulin a kasuwar Amurka, daga alade ake samo shi, kuma a jikin kyanwa sau da yawa ƙarfinsa kan ƙare kafin awa 12 ta cika. ProZinc, wanda FDA ta amince da shi domin kyanwoyi a 2009, ya fi shi daɗewa. Haka ma Lantus na kamfanin Sanofi, wanda asali domin mutane aka yi shi, yana aiki a hankali kuma na tsawon lokaci. Waɗannan biyun ne ƙa'idojin likitocin dabbobi suka fi fifitawa ga kyanwa. Akwai kuma irin su Insulatard da Mixtard da aka saba gani a kantunan magani. Aikinsu a jikin kyanwa gajere ne, shi ya sa ba su ne zaɓin farko ba.

Daga nan ne dalilin rage adadi ke fitowa. A ɗauka kyanwa ta kai yunit 4 na Caninsulin a kowace allura. Mai yiwuwa an yi ta ƙara mata ne domin maganin na ƙarewa da wuri, sukarin ya sake hawa kafin allura ta gaba. Idan aka zuba mata yunit 4 ɗin nan na Lantus, ragowar allurar safe na iya haɗuwa da ta dare, sukarin ya faɗi ƙasa warwas a lokacin da mutanen gida ke barci. Saboda haka likitoci ba sa ɗaukar tsohon adadi su ɗora a kan sabon magani kai tsaye, musamman idan tsohon adadin ya yi yawa. Abin da aka fi yi shi ne a koma kusa da matakin farawa, kamar yau aka gano ciwon.

Matakin farawar, bisa ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kyanwa ta duniya, ISFM, ta fitar a 2015, shi ne rubu'in yunit zuwa rabin yunit a kan kowane kilo na nauyin dabbar, sau biyu a rana. Kyanwa mai kilo 4 za ta fara ke nan da yunit 1, ko 2 idan sukarinta ya yi sama sosai. Ana yin lissafin ne da nauyin da ya kamata ta kasance, ba da nauyin tebar da ta tara ba. Ƙa'idojin ƙungiyar asibitocin dabbobi ta Amurka, AAHA, na 2018 su ma sun tsaya a kan yunit 1 zuwa 2 ga kyanwa a farkon fari. Idan tsohon adadin dama ƙarami ne, likita na iya barin sa yadda yake. Sabon maganin kuma yakan fara ne a lokacin da allura ta gaba ta zo, ba a haɗa nau'i biyu a lokaci guda.

Babban haɗarin sauyi, wanda ya fi kuskuren lissafi saurin kisa, yana jikin sirinji. Caninsulin da ProZinc suna ɗauke da yunit 40 a kowace mililita, shi ne ma'anar U-40 da ke jikin kwalbar. Lantus na da yunit 100 a mililita, wato U-100. Kowane ɗaya da sirinjinsa, kuma zane-zanen da ke jikin sirinjin an yi su ne daidai da ƙarfin maganin. Wanda ya koma Lantus amma ya ci gaba da tsohon sirinjin U-40, ya zuƙa zuwa lamba 2, ba yunit 2 ya zuƙa ba, yunit 5 ya zuƙa: ninki biyu da rabi. Ga dabba mai kilo 4 wannan na iya zama ajali. Idan aka yi akasin haka, aka zuƙi maganin U-40 da sirinjin U-100 zuwa lamba 2, abin da ya shiga bai kai yunit ɗaya ba, sai a ɗauka sabon maganin ne ba shi da kyau. A al'ada murfin sirinjin U-40 ja ne, na U-100 kuma ruwan lemo, amma abin dogaro shi ne rubutun da ke jikinsa, kuma hanya mafi aminci ita ce a fitar da tsofaffin sirinjin daga gidan gaba ɗaya ranar da aka sauya kwalba. Toujeo, mai yunit 300 a mililita, ba a zuƙar sa da sirinji sam, da alƙalaminsa kawai ake yin sa.

Sarrafa kwalbar ma ya bambanta. Caninsulin ana girgiza shi har ya yi fari kamar madara. ProZinc ana mirgina shi ne a hankali tsakanin tafin hannu. Lantus ruwa ne garau, ba ya buƙatar ko ɗaya, kuma ba a sirka shi da komai. Dukansu firji suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba tare da sun daskare ba. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ya kamata a fara zargin kwalbar kafin a zargi adadin: insulin da zafi ya lalata zai sa a yi ta ƙara yunit, ranar da aka buɗe sabuwar kwalba mai cikakken ƙarfi kuma sai adadin ya zama guba.

Bayan sauyi sai haƙuri. Jikin kyanwa na ɗaukar kwanaki kafin ya daidaita da sabon magani, shi ya sa ba a ƙara adadi sai bayan kwana biyar zuwa bakwai aƙalla, wasu likitocin ma sukan jira mako biyu. Ƙarin kuma ɗan kaɗan ne, rabin yunit ko yunit ɗaya. Ragewa ce kaɗai ba ta jira; da zarar an ga sukari ya yi ƙasa fiye da kima, a ranar ake ragewa. Sukarin da ya ɗan hau na mako guda ba ya kashe kyanwa mai cin abincinta, wanda ya faɗi kuwa yana iya kashe ta cikin sa'o'i.

Awo ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Abin da likita ke nema shi ne wuri mafi ƙasa da sukarin ke sauka tsakanin allura da allura, kuma ana gano shi ne ta hanyar ɗiban ɗigon jini daga gefen kunne duk bayan awa biyu, ko awa uku zuwa huɗu ga masu amfani da Lantus, har awa 12 ta cika. Ana so wannan wuri mafi ƙasa ya tsaya tsakanin 80 da 150 na miligiram a desilita, sauran yinin kuma kada ya wuce 250 zuwa 300. Idan na'urar da milimol take nunawa, a ninka lambar sau 18 domin a samu miligiram. Wanda ke auna jini da safe kawai, ya ga 350, zai ɗauka maganin ya yi kaɗan, alhali mai yiwuwa da tsakar rana sukarin ya sauka zuwa 50 sannan ya sake hawa. Ƙara yunit a irin wannan hali ƙara haɗari ne.

An fi son a yi awon a gida, domin kyanwa dabba ce da tsoro kaɗai kan ɗaga mata sukari. Wadda aka ɗaure aka kai asibiti tana iya nuna lambar da ba tata ba. Na'urorin awon mutane kuma sukan nuna ƙasa da ainihin sukarin jinin kyanwa, don haka ya kamata likita ya san wacce ake amfani da ita. Wasu likitoci kan manna wa dabbar FreeStyle Libre, wata 'yar na'ura da ke bin sukari har tsawon kwana 14. Inda duk wannan ya yi tsada, littafin rubutu na da amfani ƙwarai: yawan ruwan da ta sha a yini, yawan fitsari, cin abinci, da nauyinta a kowane mako.

Alamomin faɗuwar sukari su ne kasala, tangaɗi, ruɗewa, rawar jiki, jijjiga, daga ƙarshe suma. Idan dabbar na iya ci, a ba ta abinci nan take. Idan ba ta iya ba, a shafa mata zuma a dasashi, ba a ɗura mata a maƙogwaro ba, sannan a garzaya da ita wurin likita, kuma kada a yi allura ta gaba sai da izininsa. Kyanwar da ta ƙi abinci, tana amai, ta kwanta, tana iya kasancewa cikin wani hali na dabam, inda guba ke taruwa a jini saboda ƙarancin insulin. Shi ma na gaggawa ne.

Abinci na iya rikita lissafin. Sauya busasshen abinci mai yawan sitaci da jiƙaƙƙe mai yawan nama yana rage buƙatar insulin sosai, saboda haka idan aka haɗa sauyin abinci da na magani a mako ɗaya, sai an ƙara sa ido. Wasu kyanwoyin ma, musamman waɗanda aka shawo kan sukarinsu da wuri, sukan kai matsayin da ba sa buƙatar allura na watanni ko shekaru. Alamar hakan ita ce adadin da ya yi daidai a watan jiya ya fara yin yawa a wannan watan.

Idan kuma adadin ya yi ta hawa har ya haura yunit ɗaya da rabi a kan kowane kilo ba tare da sukari ya sauka ba, sake sauya nau'i ba lallai ya yi amfani ba. Likita zai duba yadda ake yin allurar, sannan ya nemi wani ciwon da ke hana insulin aiki: ruɓewar haƙori, ciwon mafitsara, magungunan kumburi na rukunin sitiroid, ko ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa da ke fitar da sinadarin girma fiye da kima. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na jami'o'in Ibadan da Maiduguri, su ne wuraren da ya dace a nufa da irin wannan bincike.

Akwai kuma sababbin magungunan sha, Bexacat da FDA ta amince da shi a Disamban 2022 da Senvelgo a 2023, waɗanda ke fitar da sukari ta fitsari. An yi su ne domin kyanwar da ba a taɓa yi wa insulin ba. Takardun da ke tare da su a Amurka sun yi gargaɗi ƙarara cewa kada a ba wadda ta riga ta fara allura, domin janye mata insulin a koma kansu na iya jefa ta cikin taruwar gubar nan a jini ko da awo na nuna sukarinta daidai.