Yadda Kwamfuta Ke Gano Harafin Sikila

Gadon da ɗan Adam ke samu daga iyayensa a rubuce yake cikin sinadarin DNA, da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Sai dai rubutun ya kai kimanin haruffa biliyan 3, ido ba ya iya bin sa. Don haka masana ke tambayar kwamfuta: shin wannan gajeren jeri yana cikin wancan dogon?

Cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita, ta isa misali. Asalinta sauyin harafi ɗaya ne a ƙwayar gadon da ke sarrafa himogulobin, wato sinadarin jinin da ke ɗaukar iska. Inda mai lafiya ke da CCTGAGG, mai sikila yana da CCTGTGG.

A harshen kwamfuta na Python, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991, layi ɗaya ya wadatar. Idan an adana haruffan ƙwayar gadon da sunan jeri, sai a rubuta:

"CCTGTGG" in jeri

Kwamfuta za ta amsa da True in ta samu, ko False in babu.

Amma akwai tarko. Wannan tambayar za ta ba da True ko da mutum lafiya ƙalau yake, domin 'yan haruffa kaɗan a gaba, a gurbin da aka rubuta GCCCTGTGG, waɗannan haruffa bakwai sun sake bayyana a jikin kowa. Maganin shi ne a tsawaita abin nema zuwa ACTCCTGTGGAG. Haka kuma Python na bambanta manyan haruffa da ƙanana, saboda haka wajibi ne a mai da su iri ɗaya tukuna.

Bugu da ƙari, kowane mutum na da kwafi biyu, na uwa da na uba. Mai AS yana ɗauke da jerin lafiya da na sikila duka, don haka samun ɗaya bai kore ɗayan ba. Dole a nemi kowanne daban. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin idan AS ya auri AS, kowane ciki na da haɗarin ɗaya bisa huɗu na zuwa da SS.

Kwamfuta dai abin da aka tambaye ta kawai take amsawa. Ɗalibin da zai yi aiki da ita sai ya fara sanin ilmin halittar da ke bayan tambayar.