Kalmomin "Yarda" da "Maye" a Bakin Tafinta: Nazarin Shari'ar Fyaɗe a Lafiya

1.0 Gabatarwa

Lafiya, hedikwatar Jihar Nasarawa tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, gari ne mai harsuna barkatai, kamar Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi, amma Hausa ita ce ta haɗa kowa a kasuwa da tasha. A Babbar Kotu kuwa da Ingilishi ake rubuta shari'a. Saboda haka mai shaidar da ba ta jin Ingilishi sai ta bakin tafinta alƙali zai ji ta. Wannan maƙala za ta duba kalmomi biyu waɗanda shari'ar fyaɗe ta rataya a kansu, wato "yarda" da "maye", domin nuna yadda fassararsu kan shafi hukunci.

2.0 Matsayin Doka

Kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a Jihar Arewa a 1960, ya bayyana fyaɗe a sashe na 282. Daga cikin halayen da ya lissafa akwai saduwa da mace a kan tilas, da saduwa da ita ba da yardarta ba, da samun yardar ta hanyar tsorata ta da kisa ko rauni. Sashe na 39 ya soke yardar wanda ba ya iya fahimtar abin da ya yarda da shi saboda taɓin hankali ko saboda an bugar da shi. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda Jihar Nasarawa ta kafa irinta a zamanin Gwamna Abdullahi Sule, ta ambaci amfani da duk wani abu mai gusar da nufin mutum. A dokar ta tarayya hukuncin ɗaurin rai da rai ne, mafi ƙanƙanta kuma shekara 12, ko shekara 20 idan taron dangi aka yi.

3.0 Faɗin Ma'anar "Yarda"

A Hausar yau da kullum "yarda" tana ɗaukar abin da doka ta rarrabe. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Ta yarda da son ranta.
(2) Da ta ga wuƙa sai ta yarda.
(3) Ta yi shiru, ba ta hana ba.

Jimla ta (1) ce kaɗai yarda a idon doka. Ta (2) sallamawa ce ko haƙura, kuma ita kanta hujjar laifi ce. Ta (3) ta fi wuya, domin Bahaushe ya ce shiru ma amsa ce, malaman fiƙihu kuma sun ɗauki shirun budurwa a matsayin izini. Sai dai wannan hukunci na ɗaurin aure ne, inda kunya ke hana magana. Bai shafi shirun tsoro ko na wadda hankalinta ya gushe ba. Idan lauya ya tambaya, "Kin yarda?" ta ce "I", tafintan da bai nemi ƙarin bayani ba zai iya mayar da (2) ta koma (1) a takardar kotu.

4.0 "Ta Bugu" da "An Bugar da Ita"

A nan nahawu ne ke raba gardama. Bisa rabon aikatau na F. W. Parsons na 1960, "bugu" giredi na 7 ne, mai nuna halin da aka shiga ba tare da ambaton wanda ya jawo shi ba. "Bugar da" kuwa giredi na 5 ne, dole akwai mai aikatawa. Haka bambancin "ta sha" da "an shayar da ita" yake. In aka fassara na biyu da na farko, an shafe hannun wanda ya zuba ƙwaya a lemo, an kuma ɗora wa mace zargin da al'umma ke yi wa mashaya. Ko da ita ta sha da kanta, in ta kai ga fita hayyacinta, babu wata yarda da ta bayar.

Wannan bambanci ya shafi wanda ake tuhuma. Sashe na 44 ya ɗauka mai maye yana da sanin da zai kasance da shi in bai sha ba. Sashe na 52 ya ba da uzuri ga wanda aka bai wa abin maye ba da saninsa ba ko a kan tilas, har ya kasa sanin abin da yake aikatawa. Ke nan "na bugu" ba kariya ba ce, amma "an bugar da ni" batu ne da kotu za ta bincika. Tafintan da ya cakuɗa su ya cuci ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu.

5.0 Kammalawa

Sashe na 36 na Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta, amma bai fayyace irin horon da tafintan zai samu ba. A Lafiya kuma Hausar kan zama harshe na biyu ga mai shaida, wani lokaci har ga tafintan kansa. Ya kamata sassan koyar da harsunan Nijeriya su haɗa kai da ma'aikatun shari'a wajen daidaita waɗannan kalmomi: a keɓe "amincewa" ga yardar son rai, "sallamawa" ga ta tilas, a kuma riƙa rubuta ainihin jimlar da mai shaida ta furta kusa da fassararta, domin kotun ɗaukaka ƙara ta sami abin dubawa.