Daga Damagaram zuwa Mirya: yadda ake lissafin matsakaicin gudu

Idan direban kar ya ce maka yana taka 100 a kan hanyar Yamai, ba ƙarya ya yi ba, amma ba shi ne gudun tafiyar ba. Tsakanin Damagaram da Yamai akwai kimanin kilomita 890. A ce motar ta ci awa 14, har da tsayawar salla da cin abinci a Maraɗi, Konni da Dosso. Raba 890 gida 14, za ka samu kusan kilomita 64 a awa. Wannan shi ne matsakaicin gudu, wanda malaman koleji ke kira vitesse moyenne: a ɗauki nisan da aka yi gaba ɗaya a raba shi da lokacin da aka ci gaba ɗaya. Allurar gaban direba gudun wannan daƙiƙar kaɗai take nunawa.

Inda ɗalibai ke zubar da maki a jarabawar BEPC shi ne wajen juya ma'auni. Mu ɗauki hanyar Mirya, mai kimanin kilomita 18. Ɗan kabu-kabu ya kai ka cikin minti 30. Yaro mai gaggawa zai rubuta awa 0,30, ya samu kilomita 60 a awa. Kuskure ne, domin awa minti 60 ce, ba 100 ba. Minti 30 rabin awa ne, wato 0,5, amsar kuma kilomita 36 a awa.

In malam ya nemi amsa da mita a daƙiƙa, kilomita 18 mita 18 000 ne, minti 30 kuma daƙiƙa 1 800. Aka raba, mita 10 ke nan a kowace daƙiƙa. Gajeriyar hanya ita ce a raba 36 da 3,6, tunda awa guda daƙiƙa 3 600 ce, kilomita kuwa mita 1 000.

Akwai wani tarkon da ke kama har manya. Ka je Mirya da gudun 60, ka dawo da gudun 30 saboda kaya sun yi nauyi. Kowa zai ce matsakaicin 45 ne. A'a. Zuwa ya ci minti 18, dawowa minti 36. Kilomita 36 cikin minti 54, wato awa 0,9, ya ba da 40. Tafiyar hawainiyar ta fi cin lokaci, shi ya sa ta rinjayi lissafin.

A darasin fizik na lise kuma ana duba alƙibla, ana auna tazara daga inda aka tashi zuwa inda aka ƙare. Mutumin Zermu da ya zo cin kasuwar Dole ya koma gida, a wannan lissafin matsakaicin gudunsa sifili ne, ko da ƙafafunsa ba za su yarda ba.

Ni a ganina direbobi sun fi ɗalibai bukatar wannan 3,6 ɗin. Mota mai gudun 90 tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya duba salula na daƙiƙa biyu ya yi mita 50 bai ga hanya ba, kusan rabin filin ƙwallo, a kan titin da amalanken shanu da ƴan makaranta ke tsallakawa.