Rena Wakama

Rena Wakama (an haife ta ranar 11 ga watan Afrilu, 1992) mai horar da 'yan wasan ƙwallon kwando ce, kuma tsohuwar 'yar wasa, 'yar asalin Najeriya wadda aka haifa a Amurka. Ta shafe shekaru tana aikin mataimakiyar mai horarwa a ƙungiyoyin mata na jami'o'in Amurka guda uku, wato Manhattan da Stony Brook da Tulane. Tana cikin wannan aiki ne aka naɗa ta babbar mai horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Najeriya, D'Tigress, a shekarar 2023. Ita ce mace ta farko da ta riƙe wannan muƙami. A ƙarƙashinta ƙungiyar ta ci kofin Afirka na mata sau biyu, a 2023 da 2025, ta kuma kai zagayen kwata-fainal a gasar Olamfik ta Paris a 2024, matakin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa kafin lokacin.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Wakama a birnin Raleigh na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma a can ta tashi. Iyayenta 'yan asalin Okrika ne da ke jihar Ribas, kusa da Fatakwal. Ta yi digirinta na farko a Jami'ar Western Carolina da ke garin Cullowhee, inda ta karanci yadda ake amfani da wasanni da motsa jiki wajen taimakon marasa lafiya, ta kammala a 2014. Daga baya ta samu digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci a Kwalejin Manhattan da ke birnin New York a 2019, a lokacin tana aiki da ƙungiyar kwalejin.

Wasa

Wakama ta buga wa ƙungiyar mata ta jami'arta, Western Carolina Catamounts, wasa na tsawon shekara huɗu. Bayan kammala karatu ta shiga tawagar D'Tigress a 2015, shekarar da Najeriya ta zo ta uku a gasar kofin Afirka ta mata da aka yi a Yaounde, babban birnin Kamaru. Ta kuma buga wa ƙungiyar First Bank ta Legas a gasar zakarun ƙungiyoyin mata na Afirka. Zamanta a fili bai yi tsawo ba, domin tun tana da shekara ashirin da biyar ta koma ɓangaren horarwa.

Tsarin ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka

Hukumar NCAA ce ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, kuma ta kasa makarantu mataki uku. Duk makarantun da Wakama ta yi wasa ko aiki a cikinsu suna mataki na farko ne, wanda ke da ƙungiyoyin mata fiye da 350. An raba waɗannan ƙungiyoyi rukuni-rukuni, galibi bisa yankin da suke. Kaka tana farawa a watan Nuwamba, ta ƙare a Maris ko farkon Afrilu. A kowane rukuni ana fara buga wasannin tara nasara, sannan a yi gasar sili-ɗaya-ƙwale a ƙarshen kaka. Ƙungiyar da ta ci wannan gasa ta ƙarshe tana samun gurbi kai tsaye a babbar gasar ƙasa, wadda a 2022 aka faɗaɗa ta zuwa ƙungiyoyi 68. Ga makarantun ƙananan rukunai, kusan wannan ce kaɗai hanyar shiga, shi ya sa wasan ƙarshe na rukuni yake da nauyi sosai a wurinsu.

A irin wannan tsari, mataimakan mai horarwa ne ke ɗauke da yawancin aikin yau da kullum. Su ke yawon neman 'yan wasa a makarantun sakandare, su tattauna da iyaye, su nazarci bidiyon abokan karawa, su horar da 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma suna bibiyar karatun 'yan wasan, domin ɗalibar da makinta ya yi ƙasa ba ta da damar shiga fili. Tunda kowace shekara wasu na kammala karatu su tafi, ƙungiyar jami'a kullum cikin sake gini take.

Kwalejin Manhattan

Wakama ta fara aiki da ƙungiyar mata ta Kwalejin Manhattan, wadda ake kira Jaspers, a 2017, ƙarƙashin babbar mai horarwa Heather Vulin. A shekaru biyun farko ita ce daraktar gudanar da harkokin ƙungiyar, muƙamin da ya shafi tsara tafiye-tafiye da masauki da jadawalin atisaye da sauran hidimomin bayan fage. A shekara ta uku aka ɗaga ta zuwa mataimakiyar mai horarwa. Baya ga horar da 'yan wasa, an ɗora mata kula da sha'anin karatunsu da ayyukan taimakon al'umma da ƙungiyar ke yi, da kuma ɗaukar sabbin 'yan wasa.

A zamanta ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar rukunin MAAC sau biyu a jere. A 2022 Fairfield ta doke ta, a 2023 kuma Iona ce ta yi nasara. Duk da cewa kofin bai samu ba, waɗannan kakanni biyu sun mayar da Manhattan cikin manyan ƙungiyoyin rukunin. Wakama ta yi kaka shida a makarantar.

Stony Brook da Tulane

A 2023 ta koma Jami'ar Stony Brook da ke tsibirin Long Island a jihar New York, a matsayin mataimakiyar Ashley Langford. A kakar 2023 zuwa 2024 ƙungiyar jami'ar, Seawolves, ta zo ta ɗaya a wasannin tara nasara na rukunin CAA. Ta kai wasan ƙarshe na gasar rukunin, inda Drexel ta doke ta, abin da ya hana ta gurbi a babbar gasar ƙasa. Maimakon haka ta shiga gasar WBIT, wadda aka fara a wannan shekarar domin ƙungiyoyin da suka yi ƙoƙari amma ba su samu shiga babbar gasar ba.

A 2024 Jami'ar Tulane da ke birnin New Orleans a jihar Louisiana ta ɗauki Langford, wadda tsohuwar 'yar wasanta ce, domin ta gaji Lisa Stockton da ta yi ritaya bayan kaka talatin. Wakama ta bi ta zuwa Tulane a matsayin mataimakiya, ta yi kaka ɗaya a can.

Naɗinta a D'Tigress

Hukumar Ƙwallon Kwando ta Najeriya, ƙarƙashin shugabancin Musa Kida, ta naɗa Wakama babbar mai horar da D'Tigress a ƙarshen watan Yuni na 2023. Ta karɓi aikin ba tare da ta ajiye na jami'a ba. Hakan ya yiwu ne domin manyan gasannin ƙasashe galibi a watannin Yuli da Agusta ake yin su, lokacin da jami'o'in Amurka ke hutu.

Ta tarar da ƙungiya mai tarihi amma cikin rikici. Najeriya ta ci kofin Afirka a 2003 da 2005, sannan ta ci sau uku a jere: a 2017 a Bamako ƙarƙashin Sam Vincent, a 2019 a Dakar da 2021 a Yaounde ƙarƙashin Otis Hughley. Sai dai a watan Mayu na 2022 gwamnatin tarayya ta janye ƙasar daga gasannin ƙwallon kwando na duniya saboda rikicin shugabanci a hukumar wasan. An soke matakin bayan 'yan makonni, amma kafin nan D'Tigress ta riga ta rasa gurbinta a gasar kofin duniya ta 2022 a Sydney, aka bai wa Mali. Lokacin da Wakama ta kama aiki, saura ƙasa da wata ɗaya a fara gasar Afirka, kuma da dama daga cikin tsofaffin 'yan wasan ba su dawo ba. An shirya gwajin zaɓen 'yan wasa a Amurka da Najeriya, aka haɗa tawaga mai sabbin fuskoki da yawa. Haɗa ƙungiya daga sabbin 'yan wasa cikin ƙanƙanin lokaci shi ne aikin da ta shafe shekaru tana yi a jami'a.

Kofin Afirka na 2023

An yi gasar a Kigali, babban birnin Ruwanda. Najeriya ta doke Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Masar a rukuni, ta fitar da Mozambik a kwata-fainal, sannan ta cire mai masaukin baƙi Ruwanda a wasan kusa da na ƙarshe. A wasan ƙarshe, ranar 5 ga watan Agusta, ta doke Senegal da maki 84 da 74. Wannan ne kofi na huɗu a jere, abin da Senegal kaɗai ta taɓa yi, tsakanin 1974 da 1981. An zaɓi Amy Okonkwo a matsayin gwarzuwar gasar, Wakama kuma ta zama mace ta farko da ta ci wannan kofi a matsayin babbar mai horarwa.

Gasar Olamfik ta Paris

A watan Fabrairu na 2024 D'Tigress ta buga wasannin neman gurbin Olamfik a Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Ta sha kashi a hannun Amurka da Beljiyam, amma nasarar da ta yi a kan Senegal ta ba ta gurbi.

An buga wasannin rukuni a kusa da birnin Lille a arewacin Faransa. Ranar 29 ga watan Yuli Najeriya ta doke Ostireliya, wadda ke matsayi na uku a duniya, da maki 75 da 62. Rabon D'Tigress da cin wasa a Olamfik tun 2004 a Athens ta ƙasar Girka, lokacin da ta doke Koriya ta Kudu. Faransa ta doke ta da 75 da 54 a wasa na biyu, sai ta farfaɗo ranar 4 ga watan Agusta ta doke Kanada da 79 da 70, ta tsallake zuwa kwata-fainal. A nan ta haɗu da Amurka a birnin Paris ranar 7 ga watan Agusta, ta yi rashin nasara da maki 88 da 74.

Ƙasashe ukun da suka hau mumbarin lambobin yabo duk sun kara da Najeriya a gasar: Amurka ta ci zinare, Faransa azurfa, Ostireliya tagulla. An yaba wa ƙungiyar musamman kan tsaron gida mai takura abokan karawa har su riƙa zubar da ƙwallo. Hukumar Ƙwallon Kwando ta Duniya, FIBA, ta zaɓi Wakama a matsayin mai horarwa mafi ƙwazo a gasar mata, ta kuma saka Ezinne Kalu a jeri na biyu na fitattun 'yan wasan gasar. Bayan gasar Najeriya ta hau matsayi na takwas a jadawalin FIBA na mata, karon farko da wata ƙasar Afirka ta shiga goman farko.

Chicago Sky da kofin Afirka na 2025

A 2025 Wakama ta bar wasannin jami'a ta koma gasar ƙwararrun mata ta Amurka, WNBA, a matsayin mataimakiyar Tyler Marsh a ƙungiyar Chicago Sky. Kakar WNBA tana gudana ne daga Mayu zuwa kaka, saboda haka gasar Afirka ta 2025 ta faɗo a tsakiyarta. Duk da haka ta jagoranci D'Tigress a Abidjan ta ƙasar Kwaddibuwa.

Najeriya ta doke Ruwanda da Mozambik a rukuni, ta fitar da Kamaru a kwata-fainal, ta doke Senegal da 75 da 68 a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar 3 ga watan Agusta ta doke Mali da maki 78 da 64 a wasan ƙarshe. Wannan ne kofi na biyar a jere, wanda babu ƙasar da ta taɓa yin haka a gasar mata ta Afirka, kuma na bakwai jimilla. Amy Okonkwo ta sake zama gwarzuwar gasar. Daga cikin 'yan wasan tawagar akwai Ezinne Kalu da Promise Amukamara da Murjanatu Musa. Rabon Najeriya da yin rashin nasara a wannan gasa tun wasan kusa da na ƙarshe na 2015, lokacin da Kamaru ta doke ta.

Karramawa

Bayan nasarar Abidjan, gwamnatin Shugaba Bola Ahmed Tinubu ta karɓi tawagar a fadar shugaban ƙasa da ke Abuja, inda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da ba 'yan wasan da masu horar da su lambar girmamawa ta ƙasa ta OON. An kuma yi alkawarin ba kowace 'yar wasa kwatankwacin dala 100,000, kowane ɗaya daga cikin masu horarwa dala 50,000, tare da gida ga kowannensu.